Darasi na 11: Gardamar Malaman Cek a Kan Tarihinsu

Wanda ya je ƙasar Cek ya canji kuɗi, in ya tsaya ya dubi fuskokin da ke jikin takardun, zai ga abin da ba a saba gani ba. Kuɗinsu koruna ne. A kan takardar 100 akwai Sarki Charles na Huɗu, wanda ya kafa jami'ar birnin Firag a 1348. A kan 200 akwai Jan Amos Komensky, malamin makaranta, wanda a 1658 ya fitar da ɗaya daga cikin littattafan farko na koyar da yara da hotuna. Takardar 500 ta marubuciya Bozena Nemcova ce, 1000 ta masanin tarihi Frantisek Palacky, 2000 ta mawaƙiya Ema Destinnova, babbar kuma, 5000, ta Tomas Masaryk ce, malamin falsafa da ya zama shugaban ƙasa na farko. Babu janar ko ɗaya a cikinsu.

Ƙasar tana tsakiyar Turai, ba ta da gaɓar teku. Jamus da Ostiriya da Folan da Slobakiya ne suka kewaye ta, mutanenta kuwa ba su cika miliyan 11 ba. Ba baƙuwa ce gare mu kwata-kwata ba. Takalmin Bata da yawancinmu muka sa zuwa firamare, asalin kamfaninsa garin Zlin ne na ƙasar, inda aka kafa shi a 1894. A Firag ɗin ma an yi wani masanin harsuna, Petr Zima, wanda ya wallafa littafi a kan nahawun Hausa a 1972.

Abin da za mu karanta a wannan darasi gardama ce da malaman ƙasar suka ɗauki fiye da shekara ɗari suna yi: mene ne ma'anar tarihinmu, kuma ƙaramar al'umma kamarmu, da manya suka sa a tsakiya, me za ta tsaya a kai? Ku lura da abu guda yayin da muke tafiya. Duk amsar da wani malami ya bayar, ba ta tsaya a cikin littafi ba. Sai da ta fito ta zama siyasa, ko tsarin kuɗi, ko wasan kwaikwayo, wani lokaci ma ta kai mai ita kurkuku.

Tushen maganar

Ranar 6 ga Yuli 1415 aka ƙone Jan Hus da ransa a garin Konstanz. Limamin coci ne, ya taɓa shugabantar jami'ar Firag, yana wa'azi da harshen mutanensa, yana sukar dukiyar manyan coci da cinikin takardun gafara. Mabiyansa suka ɗauki makamai, daga 1419 zuwa 1434 suna fatattakar rundunonin da Fafaroma da sarakuna ke turo musu. A 1526 sarautar ƙasar ta koma hannun gidan Habsburg na Ostiriya. Manyan ƙasar, waɗanda yawancinsu 'yan Furotesta ne, suka yi tawaye, aka ci su da yaƙi a Farin Dutse, bayan garin Firag, ranar 8 ga Nuwamba 1620. Shekara na zagayowa aka kashe jagorori 27 a dandalin tsohon gari. Aka tilasta wa kowa ɗarikar Katolika, wanda ya ƙi ya bar ƙasa. Komensky na cikin waɗanda suka fita, a Amsterdam ya rasu. Sannu a hankali Jamusanci ya zama harshen ofis da makaranta da masu hannu da shuni, harshen Cek ya koma na ƙauye da na barori.

A ƙarshen ƙarni na 18 wasu malamai suka tashi farfaɗo da harshen. Abin dariya, ko na tausayi, shi ne da Jamusanci suka fara. Josef Dobrovsky ya rubuta nahawun harshen Cek a 1809 da Jamusanci, domin masu karatun zamanin shi suka iya. Josef Jungmann ya tara ƙamus mai juzu'i biyar a shekarun 1830. Palacky ma juzu'in farko na tarihinsa da Jamusanci ya fito a 1836, sai a 1848 ya soma fitar da shi da harshensa.

Palacky shi ya fara ba tarihin fasali. A ganinsa, labarin Cek gaba ɗaya labarin cuɗanya da ja-in-ja ne tsakanin ƙabilun Slav da Jamusawa, ƙololuwarsa kuma zamanin Hus, lokacin da ƙaramar al'umma ta riga sauran Turai neman 'yancin tunani. Masu tace rubutu na gwamnatin Ostiriya a Viyana sun sha yi wa babin Hus aski. A 1848 Jamusawa suka gayyace shi taron Frankfurt, inda ake shirin haɗe ƙasashen Jamus. Ya ƙi zuwa, ya rubuta musu cewa shi ba Bajamushe ba ne, kuma ƙananan al'ummun yankin sun fi samun tsira a cikin daular Ostiriya, muddin za ta yi musu adalci daidai wa daida. Daga wannan wasiƙa masanin tarihi ya zama jagoran siyasa, har ake ce masa uban al'umma.

Takardun da suka yi kyau fiye da kima

A 1817 wani matashi mai son tsofaffin rubuce-rubuce, Vaclav Hanka, ya ce ya tsinci wasu fallayen fata a hasumiyar cocin garin Dvur Kralove, ɗauke da waƙoƙin jarumta da tsohon harshen Cek, wai na ƙarni na 13. Ba a jima ba wani rubutun ya iso gidan tarihi na Firag ba tare da sunan mai aikowa ba, shi kuma wai ya fi na farko tsufa da ɗaruruwan shekaru, yana ba da labarin shari'ar gimbiya Libuse. Murna ta cika ƙasa. Jamusawa na taƙama da tsofaffin waƙoƙinsu, to ga namu, har sun girme su. Aka fassara su zuwa harsuna da yawa, Goethe da kansa ya juya ɗaya zuwa Jamusanci. Masu zane da masu sassaƙa suka ɗebi jarumai daga ciki. Palacky ya yarda da su, ya kafa hujja da su wajen bayyana rayuwar kakanninsa. Dattijo Dobrovsky tun farko ya ce na biyun jabu ne, aka ce tsufa ne da hassada.

Don ku gane zafin abin, ku dubi gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke bakin kogin Vltava. Da karo-karo aka gina shi, manoma da masu sana'a kowa na jefa abin da ya samu. An buɗe shi a 1881, gobara ta cinye shi a shekarar, aka sake karo-karo, aka sake buɗewa a 1883. A buɗewar duka biyun, wasan waƙa na Bedrich Smetana mai suna Libuse aka yi. Mutanen da suka zuba guminsu a irin wannan gini ba za su so a ce musu wani ɓangare na labarin da ke ciki ƙirƙira ce ba.

Wanda ya faɗa musu shi ne Masaryk. Ɗan mai tuƙa keken doki ne, an haife shi a 1850, ya taɓa koyon ƙira kafin karatu ya kai shi Viyana, ya zo Firag a 1882 lokacin da aka raba jami'ar gida biyu, ta Cek da ta Jamusawa. A 1886 ya buɗe shafukan mujallarsa, Athenaeum, ga masanin harshe Jan Gebauer. Gebauer ya bi waƙoƙin kalma bayan kalma, ya nuna suna cike da kurakuran nahawu waɗanda mutumin ƙarni na 13 ba zai yi ba, kuma irin kurakuran da Hanka ke yi ne a nasa rubutun idan yana kwatanta tsohon harshe. Masanin tarihi Jaroslav Goll ya nuna abubuwan da ke ciki ba su dace da zamanin ba. Binciken sinadarai ma ya gano, a jikin wani harafi na ado, shuɗin fenti wanda ba a ƙirƙiro shi ba sai a farkon ƙarni na 18.

Jaridu suka yi wa Masaryk ca, aka kira shi maci amana, aka ce ya sayar da uwarsa ga Jamusawa. Matsayinsa a jami'a ya daɗe bai motsa ba. Hujjarsa ba ta da tsawo: al'ummar da ta jingina darajarta da ƙarya, ranar da maƙiyi ya tona ƙaryar ta shiga uku, gara 'ya'yanta su tona da hannunsu. Gini ne a kan ramin gara, komai kyan shafensa. Yau masana sun yi ittifaƙi cewa takardun jabu ne, ko da yake har yanzu akwai 'yan tsiraru masu kare su.

A ƙarshen wannan shekara ta 1886 wani matashin marubuci, Hubert Gordon Schauer, ya ƙara wa wuta mai. Ya tambaya a fili: wahalar da muke sha wajen raya wannan harshe, ta cancanta kuwa? Muna da abin da za mu ba duniya, ko gara mu narke cikin Jamusawa mu huta? Shi ma ya sha zagi. Amma tambayar ta zauna.

Masaryk da Pekar

Masaryk ya ba da tasa amsar a 1895, a littafin da ya kira Tambayar Cek. Ya ce ƙaramar al'umma ba za ta yi gasar yawa ko ta bindiga ba, abin da za ta tsaya a kai shi ne mutuntaka da gaskiya da ilimi da ƙananan ayyuka na yau da kullum. Ya ce wannan gado ne, zare guda da ya taso daga Hus, ya bi ta Komensky, ya tsinke a Farin Dutse, masu farfaɗo da harshe suka ƙulla shi. Wato asalin maganar Cek maganar addini ce da ɗabi'a.

Wanda ya fara mayar masa da martani masanin tattalin arziki ne, abokinsa Josef Kaizl, a 1896. Kaizl ya ce farfaɗowar ta samo asali ne daga sababbin ra'ayoyin 'yanci da suka mamaye Turai a ƙarni na 18, kuma abin da al'umma ke bukata shi ne masana'antu da bankuna da kujeru a gwamnati. Ya bi maganarsa da aiki, ya zama ministan kuɗi na Ostiriya a 1898.

Babban abokin karawar shi ne Josef Pekar, ɗalibin Goll, wanda ya fito da suka mai kaifi a 1912, ya sake komawa kanta a ƙarshen shekarun 1920. Pekar mutumin kundin ajiya ne. Ɗaya daga cikin fitattun littattafansa a kan gandun wani gidan sarauta ne mai suna Kost, inda ya bi takardun haraji da na bashi da na aikin tilas don ya ga yadda manomi ya rayu. Irin wannan mutum ba ya yarda da zare guda mai ratsa shekara ɗari biyar. Ya ce mabiyan Hus mutanen zamaninsu ne, aljanna suke nema, ba dimokuraɗiyya ba, kuma sun ƙone garuruwa kamar yadda aka ƙone nasu. Ya ce yawancin masu farfaɗo da harshe 'yan Katolika ne, wasunsu ma limaman coci, Dobrovsky kansa limami ne; ta yaya za su zama magadan Hus? Ya ce zamanin bayan Farin Dutse da ake kira duhu, shi ya bar wa ƙasar coci-coci da kiɗa da gine-ginen da ake alfahari da su. Kuma kowane sabon abu da ya motsa ƙasar, daga yamma ya shigo, sau da yawa ta hannun Jamusawan da ake ƙi.

A ganina, ta fuskar hujja Pekar ya fi gaskiya, kuma akwai abin lura a nan: mutumin da ya rushe takardun jabu don kare gaskiya, shi ne aka kama yana zaɓen abin da ya yi masa daɗi a tarihi. Sai dai labarin Masaryk ne ya yi aiki. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke ya fita waje yana da shekara 64, ya yi ta zarya tsakanin Landan da Paris da Rasha da Amurka, yana shaida wa manyan ƙasashe cewa mutanensa 'yan dimokuraɗiyya ne tun asali. Ranar 28 ga Oktoba 1918 aka kafa Cekoslobakiya, ya shugabance ta har 1935. Taken da ke jikin tutar shugaban ƙasa, mai cewa gaskiya ce ke yin nasara, daga gadon Hus aka ɗauko shi.

Sabuwar ƙasar ta gaji mafi yawan masana'antun tsohuwar daula, ta kuma gaji kuɗinta da ke zubewa. Ministan kuɗi Alois Rasin ya rufe iyakoki a farkon 1919, ya sa aka manna hatimi a kan takardun kuɗin da ke cikin ƙasa, aka riƙe wani kaso mai yawa a matsayin bashin dole. Da haka suka kuɓuta daga hauhawar farashin da ta cinye Ostiriya da Jamus. Amma ya nace sai koruna ta yi ta ƙara daraja, masanin tattalin arziki Karel Englis yana gargaɗin cewa hakan zai kashe fitar da kaya ya jawo rashin aiki. Rashin aikin ya zo, a Janairun 1923 wani matashi ya harbe Rasin, ya rasu bayan 'yan makonni.

Labarin Masaryk yana da wani giɓi. Jamusawa fiye da miliyan 3 na zaune a ƙasar, kakanninsu sun yi ɗaruruwan shekaru a wurin, kuma tarihin da aka gina a kan Hus da harshen Cek bai ba su mazauni ba. Ta wannan ƙofa Hitler ya shigo. A Satumban 1938 Ingila da Faransa suka amince masa a Munich ya yanki yankunan Jamusawan, a Maris 1939 ya haɗiye sauran yankin Cek. Ranar 17 ga Nuwamba 1939 aka rufe jami'o'in Cek, aka kashe mutum 9, aka kwashe ɗalibai fiye da 1,000 zuwa sansanin gwale-gwale. Bayan yaƙi aka kori Jamusawa kusan miliyan 3 daga ƙasar.

Malamai a ɗakin gawayi

'Yan gurguzu sun karɓe mulki a Fabrairun 1948, su ma da nasu karatun tarihin. Ministansu na ilimi, Zdenek Nejedly, ya ce mabiyan Hus talakawa ne masu juyin juya hali, 'yan gurguzu kuma su ne magadansu. Hus ɗin dai guda, ga shi ya sake samun sabuwar fuska a hannun masu fassara.

A 1968 jam'iyyar ta gwada gyara kanta ƙarƙashin Alexander Dubcek. Aka ɗage tace rubutu, masanin tattalin arziki Ota Sik ya kawo tsarin barin kasuwa ta yi aiki a cikin gurguzu. Daren 20 ga Agusta tankokin Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta suka shigo. A Disamba marubuci Milan Kundera ya rubuta cewa duk da haka ƙasar ta yi abin tarihi, ta gwada haɗa gurguzu da 'yanci, ta tsaya a tsakiyar duniya. Vaclav Havel, marubucin wasan kwaikwayo, ya amsa masa da zafi a farkon 1969: 'yancin faɗin albarkacin baki abu ne da ƙasashe da yawa ke da shi tuntuni, neman dawo da shi ba abin taƙama ba ne, kuma yabon jiya hanya ce ta kauce wa abin da ake ƙwacewa yau. Kundera ya koma Faransa a 1975. Havel ya zauna, ya yi kurkuku daga 1979 zuwa 1983.

Shekarun da suka biyo bayan shigowar tankokin 1968 an kori ɗaruruwan masana daga aiki. Farfesoshin tarihi da falsafa suka koma goge tagogi, gadin dare, zuba gawayi a tukunyar ɗumama gidaje. Littafin da aka hana bugawa, sai a sa takardu goma ko fiye a tafireta, da kabon a tsakaninsu, a buga da ƙarfi. Kwafin ƙarshe da ƙyar ake karanta shi, a haka yake yawo hannu zuwa hannu. A 1976 aka gurfanar da wasu makaɗan zamani a kotu, ciki har da 'yan ƙungiyar Plastic People of the Universe. Shari'ar ce ta haɗa kan marubuta da malamai da tsofaffin 'yan gurguzu, suka fitar da takardar da ake kira Charta 77 a Janairun 1977, da sa hannun mutum 240 da 'yan kai. Abin da suka nema kawai gwamnati ta cika alkawuran haƙƙin ɗan Adam da ita da kanta ta sa wa hannu. Ɗaya daga cikin kakakinta uku, masanin falsafa Jan Patocka, ya rasu ranar 13 ga Maris bayan 'yan sanda sun yi masa doguwar tambaya. Yana da shekara 69.

A 1978 Havel ya rubuta maƙalar da ta fi kowace shahara, a kan ƙarfin marasa ƙarfi. Misalinsa mai sayar da kayan miya ne. Hukuma ta aiko masa da allo mai ɗauke da taken jam'iyya, ya kafa shi a taga tsakanin albasa da karas. Bai damu da abin da ke rubuce ba, masu wucewa ma ba sa karantawa. Saƙon allon na ainihi shi ne: ina jin tsoro, ina biyayya, ku bar ni in ci abincina. Havel ya ce mulkin a kan irin waɗannan alluna yake tsaye, kowa na tsoron kowa, kowa na gadin kowa. Ran da mai kayan miyan ya ƙi kafa allon zai rasa shagonsa, ɗansa ya rasa gurbin jami'a, amma maƙwabta sun ga cewa ana iya ƙi.

Mulkin ya faɗi cikin 'yan makonni bayan 'yan sanda sun daki ɗalibai ranar 17 ga Nuwamba 1989, kuma ranar 29 ga Disamba Havel ya zama shugaban ƙasa. Nan take sabuwar gardama ta tashi tsakaninsa da masanin tattalin arziki Vaclav Klaus, ministan kuɗi, daga baya firaminista. Klaus ya ce a sakar wa kasuwa mara, a yi sauri. Aka sayar wa kowane baligi ɗan littafin tikiti a kan koruna 1,000 da ɗoriya, ya musanya shi da hannun jari a kamfanonin gwamnati. Miliyoyi suka shiga tun daga 1992. Yawancinsu suka miƙa tikitinsu ga asusun zuba jari da ke alkawarin riba ninki-ninki, dokar sa ido kuwa ba ta da haƙora, wasu manajoji suka kwashe dukiyar kamfanoni ta bayan gida. Havel ya ce an manta da doka da ɗabi'a. Klaus ya ce jinkiri da ya fi haka ɓarna. Slobakiya ta ware cikin lumana ranar 1 ga Janairu 1993, gwamnatin Klaus ta faɗi a 1997, amma a 2003 shi ya gaji Havel a kujerar shugaban ƙasa.

Maganar Jamusawan da aka kora ita ma ta dawo. Da Havel ya ce korar zalunci ce, mutanensa da dama sun fusata ƙwarai. Sai a Janairun 1997 gwamnatocin Cek da Jamus suka sa hannu a wata sanarwa, kowane ɓangare ya nuna nadamar abin da aka aikata da sunansa.

Aikin aji

1. Ku rabu gida biyu. Ɓangare guda ya kare Gebauer da Masaryk a rigimar 1886, ɗayan ya tsaya a matsayin wanda ya ba da kuɗinsa aka gina gidan wasan kwaikwayo. Kowane ɓangare ya kawo hujja biyu daga cikin darasin.

2. An fassara Jan Hus ta fuska nawa a wannan darasi, kuma me kowane mai fassara ke nema a zamaninsa?

3. Ku rubuta shafi guda a kan wani labarin kafuwar garinku ko zuriyarku da kuka ji daga manya. Ku ware abin da ke da shaida a rubuce ko a ƙasa, da abin da baki kawai ya riƙe, ku kawo mako mai zuwa.